Filin Mai Hoto: "Bango ya fita tar, amarya kuma dishi-dishi"

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda aka shiga lokacin bukukuwa saƙonnin da suke shigo min kusan duk kukan abu ɗaya suke, wato hoton mutum ya ƙi fita garau. Na tsinci guda biyar a ciki, wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri ya duba da kyau, inaga zai tsinci matsalarsa a cikin ta wani.

Tambaya: Salam Malam, ni sabon shiga ne a harkar hoto, ina Zariya. Na sayi Canon 600D ta hannu, wani abokina ya ce in ƙara da gilashin 50mm f/1.8 wai shi ne yake sa baya ta narke mutum ya fito. Na saya, to satin da ya wuce na je ɗaukar kamu, wallahi a fuskar kyamara hotunan sun yi kyau amma da na zuba a kwamfuta sai na ga labulen da ke bayan amarya ya fita tar har zaren jikinsa ana gani, ita kuma fuskarta dishi-dishi, wasu kuma hancinta ne kawai ya fita idon bai fita ba. Gilashin ne jabu ko kyamarar ce ta gaji? Har yanzu ban kai musu hotunan ba saboda kunya.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanina. Kwantar da hankalinka, kayanka lafiyarsu ƙalau, kuma kai da bakinka ka kawo shaidar. Gilashin da ya iya fitar da zaren labule ai ba gilashin da ya lalace ba ne, aikinsa ya yi, inda aka aike shi ne ba daidai ba. Shi ya sa kullum nake cewa kafin mutum ya ɗora wa kyamara laifi ya buɗe hoton ya zuƙo shi har ƙarshe ya bi lungu-lungu yana neman inda ya fita ras. In akwai wani wuri da ya fita, ko labule ko kunne ko ɗankwalin ƙawar amarya, to fokas ne, wato wurin da kyamara ta kama don ya fita garau, ya sauka a inda ba a so. In kuwa babu ko'ina da ya fita, komai kamar an goga masa hannu ya ja gefe guda, wannan rawar hannu ce ko ƙarancin haske, maganinta daban, za mu zo kanta a ƙasa.

Abin da ya same ka abu biyu ne suka haɗu. Na farko, ka bar wa kyamara ta zaɓar maka inda za ta kama. 600D tana da ɗigon fokas guda 9, in ka leƙa za ka gansu, kuma in ka bar ta a kan zaɓin kanta to ita ba ta san amarya ba, ba ta san uwar biki ba, abin da ta sani shi ne inda yake da zane da bambancin launi mai ƙarfi ko abin da ya fi kusa da ita. Fuskar da aka yi wa kwalliya ta yi sumul, ga labule mai zane a baya ga leshi mai duwatsu a gaba, ai ka san inda za ta nufa. Akwai maɓalli a bayan kyamarar can sama ta dama inda babban ɗan yatsanka yake kaiwa, danna shi ka murza har ya zama ɗigo ɗaya ne kawai yake kawo ja. Na tsakiya ya fi sauran kamawa a irin wannan kyamarar musamman a wuri mai duhu. Ka ɗora ɗigon nan a kan ido, idon da ya fi kusa da kai in ta ɗan karkata, ka danna maɓallin ɗauka rabi ka jira ta yi ƙara, sannan ka ƙarasa. Idon nan shi ne hoton. In ido ya fita mutane za su yafe maka kunne da gefen mayafi, in bai fita ba ko sarƙarta ta yi walƙiya cewa za a yi hoton bai yi ba.

Na biyu shi ne f/1.8 ɗin nan da abokinka ya yaba maka, wato lambar da ke nuna faɗin ƙofar gilashi da haske yake shiga, in lambar ta yi ƙasa ƙofar ta fi buɗewa. Gaskiya ya faɗa, tana narkar da baya, abin da bai gaya maka ba shi ne tana narkar da mutumin ma in ka yi sakaci. In ka tsaya kamar mita ɗaya da rabi daga mutum da 50mm a kan 1.8, faɗin wurin da zai fita garau bai wuce kamar santimita 6 ba, wato faɗin 'yan yatsu uku zuwa huɗu. Daga kan hanci zuwa kunne ya fi haka. To ka ga in ka kama fokas sai kai ka ɗan sunkuya gaba ko ita ta ja numfashi ta matsa, shikenan ido ya fita daga layi. Mayar da ita f/2.8 ko f/4, a kan f/4 wurin nan zai kai kamar santimita 14 kuma bayan zai narke daidai gwargwado in ka janye ta daga jikin labulen taku uku ko huɗu, wanda dama kuskure ne ka jingina mutum da bango ka ce kana son baya ta narke. Kuma shi kansa gilashin ya fi kaifi a 2.8 zuwa sama, a 1.8 yana da ɗan laushi ko da fokas ya zauna daidai.

Sai ka kula da wani abu, duk gilashi yana da iyakar kusancin da zai iya kamawa, tsohon 50mm na Canon santimita 45 ne, sabon mai STM kuma 35. In ka cusa shi kusa da haka don ka ɗauki lalle ko zobe za ka ji yana ta kai da komo ya ƙi tsayawa.

Batun kunya kuma, ka zauna ka tace, waɗanda ka ɗauka daga nesa za ka samu da yawa sun fita saboda nisa yana ƙara faɗin wurin da ke fita. Ka kai musu waɗannan ka gaya musu gaskiyar sauran. Ni nan da kake gani na taɓa ɗaukar suna tun daga yankan rago har zuwa la'asar ashe ɗan maɓallin da ke jikin gilashi ya goce daga AF, inda kyamara take kama fokas da kanta, ya koma MF, inda sai ka murza da hannu, a cikin jaka, ni kuma ina ta dannawa ina cewa a gyara tsayuwa, ban duba ba sai da na dawo gida. Sai da na koma washegari na roƙi mai jego ta sake saka kayan. Tun ranar ba na ɗaukar hoto goma ban tsaya na zuƙo ɗaya na duba ido ba.

Tambaya: Malam ni da rana ba ni da matsala, amma da an shiga holin dina da daddare sai komai ya lalace, ango da amarya suna shigowa sai su fito kamar aljanu hannu biyu-biyu. Nikon D3200 ce da gilashin da ta zo da shi, kuma akwai VR a jiki a kunne yake. Daga wani ɗan'uwa a Jos.

Amsa: Ɗan'uwa wannan ba fokas ba ne, haske ne ya yi maka kaɗan. Idonka yana ganin holi ya haskaka saboda ido yana sabawa, amma a wurin kyamara fitilun nan masu launi da ake jerawa duhu ne kawai mai ado. In haske ya yi kaɗan kyamara sai ta bar ƙofarta a buɗe ta daɗe don ta tara abin da zai ishe ta, maimakon ta ƙifta a 1/200 na daƙiƙa sai ta koma 1/15 ko 1/8, duk motsin da aka yi a cikin wannan ɗan lokacin sai ya zauna a hoton, hannun da ya ɗaga ya sauke sai ya bar sawunsa. VR ɗin da kake taƙama da shi rawar hannunka kaɗai yake ragewa, ba ya riƙe ango ya hana shi taka rawa. Ka duba hotunan, in kujeru da bango sun fita mutane ne kawai suka jagwalgwale to motsinsu ne, in har da kujerun to da hannunka a ciki.

Ka murza kyamarar zuwa S, masu Canon kuma Tv, kai ka zaɓi saurin da kanka. Mutum a tsaye ya natsu 1/125 ta isa, yara da masu tafiya 1/250, in an shiga fili ana liƙi ana juyi sai ka kai 1/500. Hoton zai yi duhu, a nan ne za ka ɗaga ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske, zuwa 1600 ko 3200. Na san an tsorata ku da cewa ISO mai yawa yana kawo tsaki-tsaki a hoto, eh yana kawowa, amma hoto mai tsaki wanda fuska ta fita ana iya rage masa a kwamfuta a wanke a saka a albam, wanda ya jagwalgwale kuwa sai dai a goge. Ban taɓa ganin uwar amarya ta dawo da hoto don tsaki ba.

Gilashin naka ma yana cikin masu laifi, 18-55 ɗin nan in ka zuƙo shi zuwa 55 ƙofarsa ba ta wuce f/5.6, wanda yake kan f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan. In kana da hali ka nemi 35mm f/1.8 na Nikon, don ya fi 50 daɗin aiki a wuri mai cunkoso. Amma in kuɗin abu ɗaya gare ka, ni filasha zan ce ka fara saya, ta ɗorawa a kai mai juya wuya. Walƙiyarta gajeriya ce ƙwarai, ita da kanta take daskarar da motsi. In rufin holin fari ne kuma bai yi tsawo ba ka ɗaga kanta sama hasken ya bugi silin ya sauko a hankali, ya fi ka watsa wa mutane a fuska goshi ya yi ta ƙyalli. Ka dai tuna da filasha kada ka wuce 1/200, iyakar kyamararka kenan. Sannan ka mayar da fokas kan AF-C lokacin da suke tahowa, shi yana bin mutum muddin ka riƙe maɓallin rabi, AF-S kuwa yana kamawa sau ɗaya ya tsaya, kafin ka danna sun yi taku biyu gaba. A Canon sunansu AI Servo da One Shot.

Kuma ka gyara riƙo, na sha ganin samari sun ɗaga kyamara da hannu ɗaya kamar masu tsayar da adaidaita. Hannun hagu a ƙarƙashin gilashi, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ka danna a hankali ba ka soka ba.

Tambaya: Ina wuni Malam. Ni ina sayar da mayafai da abaya ne a Maraɗi, ƙanwata nake sa wa ina ɗauka da wayata Tecno in saka a sitatus. Da can hoton yana fita, yanzu sai ya yi fari-fari kamar an ɗauka cikin hazo, kuma in na tura wa masu saye sai su ce ba su ga zanen ba. Wayar ce ta tsufa in canza?

Amsa: Lafiya lau Hajiya. Kafin ki kai kuɗinki kasuwa juya wayar nan ki kalli gilashin kyamarar a gaban taga. Na kusa rantsewa za ki ga maiƙo. Hannun da ya shafa mai, ya taɓa humra, ya juya miya, shi ne dai yake ɗaukar waya, kuma ɗan yatsa sau ɗaya ya taɓa gilashin nan ya isa ya sa hoto ya yi hazo fitilu su riƙa jan jela. Ki samu ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, ki fara hure ƙurar tukuna musamman yanzu da hunturu, don in kika murza da ƙura a kai kamar kin goga yashi ne, a hankali zai kakkarce. In kin liƙa masa ɗan gilashin kariya ko murfin wayar yana da leda a kan kyamarar, cire ki gwada ɗauka babu shi, sau da yawa shi ne ya dushe ba kyamarar ba. In kin goge kin ga hazon daga ciki yake kamar raɓa, to ruwa ya shiga, wannan sai mai gyara.

Bayan haka ki daina ɗauka a ƙuryar ɗaki da ƙwan lantarki ɗaya. Kyamarar waya ƙarama ce, yunwar haske gare ta fiye da babbar kyamara, in ba ta samu ba sai ta shafe hoton da kanta don ta ɓoye tsaki, zanen mayafi ya tafi tare da tsakin. Ki fito da ƙanwar taki bakin ƙofa ko inuwar tsakar gida da hantsi ko bayan la'asar, hasken ya zo mata ta fuska, kada taga ko rana ta kasance a bayanta. Ki taɓa fuskarta a jikin allon wayar kafin ki danna don wayar ta san inda kike so, in zanen kayan kike so ya fita ki taɓa zanen. Kada ki ja allo da yatsu biyu don ki zuƙo, a yawancin wayoyi wannan yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya kumbura shi, ki taka da ƙafarki ki matsa. Ki yi amfani da kyamarar baya, ta gaba ba ta kai ta ba. Sai ki leƙa ki kashe abin nan na gyaran fuska da yake goge ƙuraje, shi bai san bambancin fata da yadi ba. Shi ma wanda yake narkar da baya ki bar shi in kaya kike talla, yana cinye gefen mayafi da duwatsun bakin hannu.

Ƙorafin masu saye kuma WhatsApp ne, yana matse hoto ya rage masa nauyi kafin ya tura, sitatus ma ya fi muni. Tun 2023 sun saka alamar HD a sama in za ki tura hoto, ki danna ta. Wadda ta matsa tana son ganin zane sosai ki tura mata a matsayin dokumen, zai je yadda kika ɗauke shi sai dai ya ɗan ci data. Kuma ki tura daga asalin hoton da ke wayarki, ba wanda aka turo miki aka sake turowa ba, ko wanda kika ɗauko daga allo, kowace tafiya yana zubar da wani abu a hanya.

Tambaya: Na ɗauki hoton 'yan sauka su ashirin da malamansu, layi uku, na gaba sun fita na baya ba su fita ba. Daga Kumasi.

Amsa: Malam ka buɗe ƙofar gilashin da yawa ne. Hoton taro mai layi uku f/8 ake sa shi, ka ja baya ka ba su tazara, ka matse layukan su kusanci juna, ka kama fokas a kan na layin farko ko na biyu kada ka kama na ƙarshe. Su tsaya a miƙe ba su yi baka ba, in na gefe suka zagayo gaba sun fita daga layin na tsakiya. Tunda f/8 tana cin haske, a waje za ka yi shi cikin inuwa, ka ɗauki biyar ko shida a jere saboda masu ƙifta ido.

Tambaya: Ni dattijo ne na daɗe ina sana'ar nan tun zamanin fim a Gusau. Kwanan nan in na leƙa kyamara komai buji-buji nake gani ko ta yi ƙarar ta kama, amma in an wanke wasu suna fita lafiya, waɗanda na murza da hannuna ne ba sa fita. Sannan jikana ya ce akwai manhaja a waya da take gyara hoton da ya ɓaci, gaskiya ne?

Amsa: Baba barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya, ku ne kuka share mana hanya. Wannan ƙaramin abu ne in sha Allah. A gefen inda kuke sa ido akwai wata 'yar ƙaramar taya mai alamar ƙari da ragi, aikinta ta daidaita madubin leƙawa da ƙarfin idon mai kyamara, ba ta taɓa hoton kansa ko kaɗan, shi ya sa wanda kyamara ta kama da kanta yake fita, wanda kuka bi idonku kuka murza yake kucewa. Tana gocewa da kanta wurin sakawa da cirewa a jaka, ko wani ya ara ya daidaita da nasa idon. Ku leƙa ku manta da abin da ke gabanku, ku kalli lambobin da ke ƙasa da ɗigon fokas, ku murza tayar har lambobin su fito ras, shikenan. In kun murza har ƙarshe ta kowane ɓangare ba su fito ba, to Baba da girmamawa a je a auna ido, ƙila lokacin sauya tabarau ne ya yi.

Tunda kayanku sun daɗe ku cire gilashin ku haska shi da tocila ta baya. In kun ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, danshin damina ne yake kawo ta in an rufe kaya a akwati, tana sa hoto ya yi laushi ya dushe. Mai gyara yana iya buɗewa ya wanke in ba ta ci gilashin ba. 'Yan ƙullin nan masu tsaba da ake samu a kwalin sabon takalmi ku riƙa jefa su a jakar, suna shanye danshi.

Maganar jikanku kuma gaskiya ne akwai su, Remini ce aka fi sani. Sai dai ku san abin da take yi, ba dawo da abin da kyamara ta rasa take yi ba, duba fuskar take ta yi hasashe ta zana sabon ido da sabon haƙori ta ɗora. In ɓacin kaɗan ne tana taimakawa har a wanke ƙarami. In ya yi yawa sai ta fito da wani mutum mai kama da shi, fata sumul kamar roba. An taɓa kawo min hoton wani marigayi da aka gyara da irin wannan, manhajar ta goge masa tsagen fuskarsa kaf don ta ɗauka ƙarce ne a jikin takarda, 'yarsa ta kalla ta ajiye ta ce a ba ta tsohon mai dishi-dishin. Don haka in za ku gwada ku ajiye na asalin a gefe, kuma kada a yi wa hoton fasfo ko na katin shaida, wannan a kira mai shi a sake ɗauka.